Tsohon Direban Babansu

Ni dai har yau ban gane abin da zai sa mutum mai hankali, mai aikin yi, ya tashi ran Asabar ya je ya jefa motarsa cikin laka da gangan ba, don kawai ya samu labarin bayarwa a wurin shan shayi. Mu Hausawan da muka tashi a Gadarif, cikin masu yin Larabci, laka ba abin wasa ba ce a wurinmu. Shekara ashirin ina tuƙa tarakta a manyan gonakin dawa da riɗi na wajen Fashaga, kuma kowace damina roƙona ɗaya ne, Allah ya raba ni da ita lafiya. Amma ƙanena Husaini, ma'aikacin ofis a kasuwar hatsi, mai wando da kari kamar wuƙa, ba abin da yake so a duniya irin ya shiga Nadin Dabal.

Nadin nan ƙungiya ce ta 'ya'yan manyan 'yan kasuwa, da likita ɗaya da lauyoyi biyu, masu tsofaffin motocin da ke ja da ƙafa huɗu, abin da ake kira dabal. Suna da ɗaki mai fanka, suna da allo a bakin ƙofa, suna da hular hana-sallah mai tambari. Shugabansu Ustaz Alfatih, ɗan wani attajirin riɗi, mutum mai fara'a wanda bai taɓa tura mota ba sai don nishaɗi. Husaini ya yi shekara biyu yana zama a gefen kujerarsu, yana dariyar barkwancinsu tun kafin su ƙarasa. A ƙarshe suka ji tausayinsa suka ba shi sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya zo da tsohuwar mota wadda ya tayar da hannunsa. Na biyu, ya tuƙa ta da kansa a tsakiyar damina, daga Gadarif zuwa wata tsamiya da suke yada zango a hanyar Hawata, ba tare da an ɗaura mata igiya an ja ta ba. Igiya ta taɓa motarka, ka faɗi, sai baɗi in da rai.

Tsohuwar mota kuwa muna da ita a tsakar gida. Atine ke nan, Lankuruza a-kori-kura da Babanmu Sharu ya saya ran Litinin, shekarar da aka haifi Husaini. Da ita ya yi shekara ashirin da wani abu yana kwasar leburori zuwa gonaki lokacin noma da lokacin yankan riɗi, mutum talatin a baya, kowa da ƙunshin kayansa. Ita ta ciyar da mu, ita ta kai Husaini makaranta har ya koyi sa wandon nan. Da idon Baba ya fara rauni, aka ɗora ta kan duwatsu a gindin darbejiya, kaji suka gaje ta. Shekara goma sha ɗaya suna ƙwai a kujerar direba.

Wata safiya Husaini ya zo ya durƙusa gaban Baba, ya ce yana so ya tayar da Atine. Bai ambaci nadi ba. Baba ya dube shi ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma ni ma, in gaya maka gaskiya, zuciyata ta yi sanyi.

To, sharaɗin dai da hannunsa ne. Hannun nasa kuwa su ne waɗannan nawa. Ni na sauke inji, ni na wanke shi da gas, ni na kwanta ƙarƙashinta rani guda kashin kaji na zubo mini a fuska. Aikin Husaini shi ne ya dawo daga ofis, ya shafa baƙin mai a goshi da yatsa ɗaya, ya riƙe sifana, ya ce, "Yaya Ɗanliti, ɗauke ni hoto." Na ɗauke shi hoto ya fi sau ɗari, kuma a kowanne kai ka ce shi ya ƙera motar. Baba yana zaune kan gadon igiyarsa yana ba da umarni da kunne kawai. In na buga ƙarfe sai ya ce, "Ba wannan ba, na ƙasansa." Kuma kullum shi ke da gaskiya, abin haushi.

Ranar da inji ya tashi, bayan tari da atishawa da baƙin hayaƙin da ya kori maƙwabta, Baba ya miƙe ba sanda, ya zo ya ɗora tafinsa kan bonet yana jin rawar ƙarfen. Da a nan aka tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ka.

Amma Husaini ya ce saura kwalliya. Ya sa Zakari mai walda ya yanke ƙarafan baya, waɗanda leburori ke riƙewa, wai sun sa ta yi kama da motar kasuwa. Motar me ce da? Aka yi mata fenti ruwan madara. Aka sa mata tayoyi masu faɗi irin na Ustaz Alfatih, aka jera fitilu huɗu a ka kamar za a haska wa aljanu hanya. Sannan ya hau bas har Omdurman ya dawo da rafraf guda huɗu, wato ƙarfen nan da ke lulluɓe saman taya, sababbi fil, irin na asali. Domin Atine ba ta da su. Tun muna yara tayoyinta a buɗe suke, Baba ya cire na baya ya datse na gaba da zarto, ya bar ta tsirara kamar kazar da aka fige.

Ina ɗaure su da noti, Baba ya laluba ya taɓa ɗaya.

"Husaini, ka san abin da ya sa na cire wannan?"

"Baba, zamani ya canza. Yanzu ana duba kyan mota."

"To. Ita ma lakar ta canza?"

Husaini ya yi dariyar 'yan boko, irin wadda ake yi wa tsoho don kada a ce masa ya yi shiru. Ni na san amsar, kowane direban gona ya sani. Baƙar lakar Gadarif ba ta fallatsa ta faɗi, mannewa take. Tana naɗe taya, tana ƙara kauri, har ta cika tsakanin taya da rafraf ta daskare, ƙafa ta ƙi juyawa ko injinka na jirgin ƙasa ne. Na faɗa wa Husaini. Ya ce motocin nadi duk da rafraf ɗinsu, kuma su ba jahilai ba ne. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da ɗaure notina.

Ranar gwaji ta faɗo a watan Agusta, bayan ruwan kwana biyu. Ni zan raka shi, don doka ta yarda da makaniki ɗaya. Muka fito bayan sallar asuba, sai ga Baba a kujerar gaba, ya sha farar jallabiyarsa ta Idi da rawani, ya ɗora sandarsa tsakanin gwiwoyi. Wa ya gaya masa ranar, oho. Husaini ya tsaya cak.

"Baba, tafiyar da wahala fa."

"Na sani. Na taɓa bin hanyar."

"Akwai girgiza, ga bayanka."

"Shiga mu tafi, rana na yi."

Ba yadda ya iya. Na shiga tsakiya, gwiwata na gogar giya, muka kama hanya. Can muka isa bakin gari inda motocin nadi takwas suke jere, kowace tana sheƙi kamar amarya.

Suka kewaye Atine suna mashallah, suna shafa fenti, suna leƙa ƙarƙashi kamar sun san abin da suke dubawa. Ustaz Alfatih ya rungume Husaini. Sannan ya hango Baba yana saukowa a hankali, da tsagen fuskarsa irin na kakanninmu da suka zo daga yamma, ya gaishe shi da ladabi ya tambayi Husaini da Larabci, "Wannan dattijon fa?"

Na ga Husaini ya kawar da kai. Ya ce, "Tsohon direban babanmu ne. Shi ke tuƙa ta da. Ya nace sai ya zo."

"Mashallah, amana ke nan," in ji Ustaz Alfatih. Ya juya ga Baba. "Husaini ya ba mu labarin marigayin, da gonakinsa na Fashaga. Allah ya ji ƙansa, ya Hajj."

Ashe haka ne. Ashe mu 'ya'yan mai gonaki ne ban sani ba, ashe kuma marayu ne. Jinina ya hau kaina, na buɗe baki, sai na ji yatsun Baba sun damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da saura ba. Ya ɗaga ɗaya hannun sama, ya ce da Larabcinsa mai ƙamshin Hausa, "Amin. Mutumin kirki ne, ya sha wahala a kan 'ya'yansa."

Da suka watse zuwa motocinsu na ce masa ƙasa-ƙasa, "Baba, wallahi sai na tona shi."

"Ba za ka tona ba. Abin da ya zo nema ke nan, bar shi ya samu."

Baba ya zagaya ya kama ƙarfe zai hau baya. Husaini ya taho da sauri yana raɗa, "Baba, don Allah shigo gaba." Baba ya amsa da Larabci, da murya yadda kowa zai ji, "A'a ya Ustaz, nan ma ya ishe ni." Na ɗaga shi na zaunar kan tayar sifiya, a bayan da ba sauran ƙarfen riƙewa, na zauna kusa da shi na riƙe masa kafaɗa. Husaini ya tuƙa shi kaɗai a gaba, da kujera biyu babu kowa.

Awa ta farko lafiya lau. Muka bar kwalta, muka bi tsakanin gonakin dawa da ta kai gwiwa, 'yan nadi suna ta hon suna ɗaga wa juna babban yatsa duk sanda suka tsallake kududdufin da jaki ma ba zai lura da shi ba. Leburori masu noma suka miƙe daga sunkuyo suna kallonmu. Na san abin da suke cewa, don da ina cikinsu ni ma shi zan ce.

Sai muka gangara wata fadama mai faɗi, ƙasa baƙa wuluk tana ƙyalli. Baba ya shinshina iska ya ce, "Yanzu za a yi ta." Ba mu yi tafiyar kirki ba na ji Atine ta fara nishi. Tayoyin nan masu faɗi suka yi ta kwasar laka suna kumbura, rafraf ɗin Omdurman suka yi ta tara ta da aminci, inji ya yi kuka, ya yi kuka, ƙafafu huɗu suka tsaya cik. Ba nutsewa muka yi ba, a kan ƙasa muke ɗas, amma ko taku ɗaya. Na waiwaya na ga motocin 'yan nadi bakwai, waɗanda ba jahilai ba, kowace ta tsaya inda Allah ya tsayar da ita. Likitan nan har ya fito yana duba taya kamar zai rubuta mata magani.

Mota ɗaya ce ta tsira, ta wani lauya da ya tsaya a kan tudu yana amsa waya. Shi ya fito da igiya mai ruwan lemo yana karkaɗa ta, yana kiran Husaini cikin raha, "Mu ɗaura ne, ko za ka ƙara tunani?" Ustaz Alfatih ya duba agogo ya ce a ba sabon shiga rabin awa.

Husaini ya taka mai har wari ya tashi. Ya sa giyar baya, ya sa ta gaba. Ya fito, takalminsa ya zama buhu biyu na laka. Ya dube ni, na ɗauke kai ina kallon tsuntsaye, don ni a lokacin da za a ba ni igiyar da kaina zan ɗaura. Sai ya zagayo ta inda ba a ganinsa, ya jingina da bodi, fuskarsa ta yi fari fat, ya ce da Hausa, "Baba, yaya zan yi?"

Baba ya miƙo mini hannu. "Sauke ni, Ɗanliti. Kawo sifana sha huɗu."

Dattijo mai shekara saba'in da uku, da jallabiyar Idi, ya kwanta rigingine cikin lakar nan. Ba ya gani sosai, amma bai buƙaci ido ba. Ya cusa hannu cikin taɓon da ya daskare yana laluben kan noti, in ya samu ya ɗora sifana, ni in ja. Na ce ya bari in yi ni kaɗai, ya ce in rufe masa baki in ja. Ɗaya bayan ɗaya muka ɓalle rafraf huɗun, muka jefar da su kan ciyawa da fentinsu da komai. Muka sassaƙe lakar da ke jikin tayoyi da sandarsa. 'Yan nadi suka taru a kanmu suna ɗaukar hoto, ɗaya yana cewa wannan ai ilimi ne da ba a koyarwa a jami'a. Husaini yana tsaye riƙe da notuna a tafin hannu.

Baba ya tashi da ƙyar, bayansa baƙi daga rawani har dunduniya. Ya ce wa Husaini da Larabci, "Ya Ustaz, sa dabal, giya ta biyu, kada ka taka mai da yawa. Inda na sa ƙafa, nan za ka sa taya."

Ya cire takalmi ya miƙo mini. Ya shiga gaba da sanda, yana caka ƙasa, yana bin inda ciyawa ta yi kauri yana kauce wa inda ta yi ƙyalli. Atine ta biyo shi a hankali, tayoyinta a buɗe suna watsar da laka sama gaba ɗaya, kamar yadda na san ta ina yaro. Ina gefensa ina riƙe da gwiwar hannunsa. Sau biyu ya zame, sau biyu na tare shi, ina jin numfashinsa yana fita da ƙara. Na waiga sau ɗaya na ga Husaini ta gilashi, ya ƙanƙame sitiyari yana kallon ƙafafun ubansa. Fadamar nan ta kai tafiyar minti ashirin a ƙasa. Raina bai taɓa ɓaci irin na wannan minti ashirin ɗin ba.

Muka hau tudu, igiya ba ta taɓa mu ba. Sauran kuwa sai da muka koma ni da Baba muka nuna musu yadda ake kwance nasu rafraf ɗin, wasu suka yarda, wasu suka gwammace a ja su da kyansu. Azahar ta gota kafin motoci tara, har da tamu, suka taru a gindin tsamiyar.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka hura gawayi, aka gasa naman rago, aka fito da kisra, wato sinasir ɗin dawa, da miya a manyan farantai. Ustaz Alfatih ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo kan juriya da ƙaunar ƙasa. Ya ce a tarihin nadi ba a taɓa samun sabon shiga da ya ƙetare wannan fadama da kansa ba. Ya ɗora wa Husaini hular nan mai tambari, aka tafa. Ya samu. Shekara biyu na dariyar dole da rani guda na gumina ba su tafi a banza ba, ga hula ta zauna daram.

"Kuma ka riƙe dattijon nan da kyau," in ji Ustaz Alfatih. "Irinsu sun ƙare. Ya Hajj, bismillah, matso mu ci."

Baba ya dafa ƙirji ya ce sam, shi sai masu gida sun gama. Suka yi ta roƙonsa, don gaskiya ba mutanen banza ba ne, ya ƙi. Maimakon haka ya sunkuya ya ɗauki butar wanke hannu da tasa. Na tashi zan karɓa, ya kalle ni, na koma na zauna.

Ya fara daga dama, kamar yadda ake yi. Ya zuba wa Ustaz Alfatih, ya zuba wa likita, ya zuba wa lauyoyi, kowa yana cewa Allah ya saka, yana jin nauyin farin gemun. Laka ta bushe a jallabiyarsa tana ɓarewa tana faɗuwa kan tabarma. Ya zo kan Husaini ya tsaya, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ajiye tasar a gabansa.

Husaini ya sa hannayensa a ƙarƙashin cinya. Na zuba masa ido. Kalma biyu kawai nake jira, ya ce ubana ne, in yafe masa har rafraf ɗin. Ya dubi Baba, ya dubi mutum goma sha biyar da ke jiran a gama su fara ci.

"Yalla ya Husaini, nama na hucewa," wani ya ce.

Sai ya zaro hannayen ya miƙa.

Baba ya zuba ruwan a hankali, bai bar ko ɗigo ya taɓa masa wando ba. Ya ɗauko tawul daga kafaɗarsa ya ba shi, ya jira ya goge, ya karɓa.

"Mabruk, ya Ustaz," ya ce. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya wuce ga na kusa da shi.